Neman shawara: An damƙa min Google Workspace na makarantarmu, Darakta ya ce in goge akawun ɗin tsofaffin malamai da ɗalibai

Malam Nura T/Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar kwamfuta a gidan nan ina neman shawararku kafin in taɓa abin da zai zo ya dame mu.

Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada nan Zariya. Makarantar tana kan Google Workspace for Education, wannan na kyautan, kowane malami da ɗalibi yana da imel na makaranta, ana amfani da Classroom da Drive, sakamakon jarabawa ma a Google Sheets ake haɗa shi. Wanda ya kafa mana tsarin tun farko ya samu aiki a Abuja ya tafi lokacin dogon hutu, lafiya lau aka rabu, ya turo min faswod ɗin admin ta WhatsApp ya ce in wani abu ya taso in kira shi, to amma yanzu sai da dare yake iya ɗaga waya saboda aiki ya masa yawa kuma ni bana son in dinga takura masa.

Ga abin da ke gabana. An dawo sabon zango, akwai 'yan JSS1 sabbi da ke jiran a buɗe musu akawun, akwai 'yan SS3 da suka gama, akwai malamai da suka ajiye aiki tun bara da bana amma akawun ɗinsu na nan a buɗe, sannan kowane aji sai an ɗaga shi zuwa na gaba saboda wanda ya tafi ɗin ya tsara rukunonin da ake kasa akawun a cikinsu ne da sunan aji, JSS1, JSS2 har SS3. Na fara yi ɗaya bayan ɗaya a shafin admin, in rubuta suna in rubuta imel in sa faswod in danna, ga ɗaukewar wuta ga sabis da ke zuwa yana tafiya, ga kuma darasi ina shiga aji, gaskiya a haka har a yi jarabawar tsakiyar zango ban gama ba.

Darakta kuma ya ce duk wanda baya makarantar a goge akawun ɗinsa kawai a huta, wai kar wuri ya cika kuma kar tsohon malami ya dinga leƙa abin da bai shafe shi ba. Maganarsa ta biyu na yarda da ita, amma gogewar ce hankalina bai kwanta da ita ba.

Na ji ana maganar wani abu GAM da ake rubuta umarni ya yi aikin mutum ɗari a lokaci ɗaya, wasu kuma sun ce Apps Script. Wanne ya dace da ni? Kuma ta ina zan fara? Allah ya saka da alheri.

Abu Sumayya:
Wa alaikumus salam. Malam kar ka goge ko ɗaya tukuna dan Allah. Dakatarwa ake yi. Bari manya su zo su maka bayani amma dai ka riƙe wannan.

Injiniya Bashir Samaru:
Malam Nura sannu da ƙoƙari, Allah ya taimaka. Ni kafin maganar GAM da buɗe akawun, abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ka samu faswod ɗin. Ka ce ta WhatsApp ya turo maka, ma'ana da akawun ɗinsa kake shiga kenan, to yau ɗin nan kafin ka kwanta ka duba lambar waya da imel ɗin da aka sa na dawo da akawun ɗin in an manta faswod. Ina kyautata zaton nasa ne. Ba wai ana zargin bawan Allah ba ne, a'a, amma in wayarsa ta ɓace ko ya daina amfani da layin aka sake sayar wa wani, makarantarku gaba ɗaya tana hannun wanda ba ku sani ba.

Abin yi, ka buɗe sabon akawun na babban admin da sunanka wanda ba za ka dinga aikin yau da kullum da shi ba, ka bar na koyarwarka daban. Ka buɗe na biyu ma Darakta ko firinsifal, ko da ba za su taɓa shiga ba, Google da kansu suna ba da shawarar a samu babban admin fiye da ɗaya. Ka kunna musu tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan faswod sai an ƙara wata shaida kamar lamba daga waya kafin a shiga, ka fitar da lambobin ajiya da ake shiga da su in wayar ba ta kusa, guda 10 ne suke zuwa kowace mai lamba 8, ka buga su a takarda a sa a ambulan a kulle a ofishin Darakta.

Sai abu na biyu da mutane da yawa basa dubawa. In wancan ya taɓa amfani da GAM ko wani sikirif, wato ƙaramar manhajar da mutum ke rubutawa ta yi masa aiki da kanta, akwai yiwuwar makullin da yake shiga da shi yana nan a laftof ɗinsa, kuma canza faswod baya kashe shi. Ka shiga Security, ka je Access and data control, sai API controls, a ƙasa za ka ga Manage Domain Wide Delegation. Duk abin da ka gani a jere a wurin an ba shi ikon shiga imel ko Drive na mutane ne ba tare da faswod ɗinsu ba, gwargwadon izinin da aka rubuta masa. Kar ka cire kai tsaye, ka ɗauki hoto ka tura masa ka tambaye shi wanne ne wanne, saboda wani zai iya zama na manhajar da kuke amfani da ita har yanzu.

Malam Nura T/Wada:
Injiniya na duba yanzu, lambarsa ce kuwa da Gmail ɗinsa. A wancan wurin kuma na ga abu biyu, ɗaya an rubuta GAM a jikin sunan. Ashe yana amfani da shi. Na gode ƙwarai.

Malama Hadiza Kongo:
Malam Nura bari in yi magana kan gogewar domin na ga abin da idona a wata makaranta da na taɓa koyarwa. An goge akawun ɗin jami'in jarabawa bayan ya tafi, ashe duk takardun sakamakon shekarun baya shi ya ƙirƙire su a Drive ɗinsa ya raba wa malamai. Kowa yana ganinsu yana zaton na makaranta ne. Ba a farga ba sai da wani uba ya zo neman sakamakon 'yarsa na JSS3 za a mayar da ita makaranta a Kaduna, aka buɗe aka ga babu, lokacin kuma an wuce wa'adi. Sai da aka koma tonon kwalaye a sito ana neman takardun hannu, mahaifin nan yana zirga-zirga, abin ba daɗi wallahi.

A Google duk fayil yana da mai shi. Ko mutum ɗari aka raba wa, in aka goge mai shi ba a mayar da mallakar ga wani ba, fayil ɗin zai bi shi. Kwana 20 kacal babban admin yake da su na dawo da akawun ɗin da aka goge, in sun wuce shi kenan. Amma in dakatarwa ka yi, mutum ba zai iya shiga ba ko ta waya ko ta kwamfuta, sabon imel ba zai shigar masa ba, kayansa kuma suna nan yadda suke, waɗanda ya raba wa suna ci gaba da buɗewa. Ka ga buƙatar Darakta ta biya kenan, ba wanda zai leƙa.

Bayan ka dakatar sai ka bi su a hankali. Ka shiga Apps, Google Workspace, Drive and Docs, akwai Transfer ownership, ka sa imel ɗin tsohon malamin ka sa na wanda zai karɓa. Ni dai shawarata ka buɗe akawun guda na ajiya ka tara su a can, daga nan abin da yake na makaranta ne kamar sakamako da jadawali da tambayoyin jarabawa ka mayar da su Shared drive, domin abin da ke cikin Shared drive na makaranta ne ba na mutum ɗaya ba, ko wa ya tafi yana nan.

Kuma kar ka manta da Classroom. Malamin da ya buɗe aji shi ne mai ajin, ka sa sabon malamin ya zama abokin koyarwa a ciki sannan a mayar masa da mallakar ajin, tun kafin a zo maganar gogewa.

Malam Nura T/Wada:
Malama Allah ya saka. Mu ma tsohon jami'in jarabawarmu yana cikin waɗanda aka ce in goge. To maganar cikar wuri fa, me zan ce wa Darakta? Shi abin da ya fi damunsa kenan, kar a wayi gari a ce sai mun biya kuɗi da dala.

Malama Hadiza Kongo:
Ka nuna masa da idonsa. A shafin admin akwai Storage, zai nuna maka abin da kuka cinye. Tun 2022 Google suka daina ba makarantu wuri mara iyaka, suka koma ba kowace makaranta 100TB da kowa zai ci a ciki. Sakandare irin taku da wuya a ce kun kusanci wannan sai dai in wasu na tara fina-finai, kuma shafin zai nuna maka waɗanda suka fi cin wuri. Na kyautan da kuke kai ba a biyan kuɗi a kan akawun, dakatacce ne ko mai aiki. Kamfanoni masu biya ne dakataccen akawun yake ci musu kuɗi.

Sadiq Kwangila:
Oga Nura GAM ɗin nan shi ne maganin matsalarka wlh, ni da shi nake kula da makarantu biyu. Kyauta ne, ba Google suka fitar da shi a matsayin kayansu ba, wani Jay Lee ne ya fara shi, akwai wani reshe da Ross Scroggs yake kula da shi, yanzu an haɗe su ana ce masa GAM7, shi za ka nema kar ka ɗauko tsohon bayani.

Farkon abin da zan ce ka yi ba ya canza komai, karantawa kawai yake:

gam print users fields primaryemail,name,ou,lastlogintime,suspended todrive

zai zuba maka kowa da kowa a Google Sheets, da rukuninsa da ranar da ya shiga na ƙarshe. Daga nan kaɗai za ka ga akawun da aka shekara ba a taɓa ba. Ka ajiye wannan takardar, ita ce shaidarka ta yadda ka samu abubuwa.

Buɗe sabbi kuma ka shirya fayil na CSV, wato tebur irin na Excel da aka ajiye a matsayin rubutu zalla, mai kanun imel, suna, mahaifi, faswod, aji sai ka rubuta

gam csv sabbi.csv gam create user "~imel" firstname "~suna" lastname "~mahaifi" password "~faswod" org "~aji" changepassword on

wannan alamar ~ tana nufin ɗauko daga ƙarƙashin kanun da ke da wannan sunan a fayil ɗin. Na ƙarshen kuma shi zai tilasta wa yaro ya canza faswod ranar da ya fara shiga. Dakatar da waɗanda suka tafi:

gam csv tsofaffi.csv gam update user "~imel" suspended on org "/Tsofaffi"

amma sai ka fara buɗe rukunin Tsofaffi ɗin. Kafin ka gama shan shayi ya gama aji guda.

Maganar wuta kuma, ba dole sai a laftof ɗinka ba, kana iya girka shi a Google Cloud Shell, a burauza yake buɗewa kuma aikin a kwamfutar Google yake gudana ba a taka ba, akwai wurin ajiya 5GB kyauta. In sabis ya yanke ana cikin buɗe akawun ka sake sa umarnin, waɗanda aka riga aka buɗe zai ce suna nan ya wuce na gaba.

Malam Idris Gyallesu:
Sadiq ƙanina ban ƙi maganarka ba amma ina ganin ka yi wa Malam Nura sauri. Mutumin da bai taɓa buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni ba, ga yara na jira, ka ce ya fara da girka GAM? Girkawar kanta aiki ce, sai ya buɗe furojet a Google Cloud, ya ba da izini kashi-kashi, in Google Cloud a kashe yake a rukuninsa sai ya kunna, ko ina zai iya maƙalewa.

Alhali shafin admin ɗin da yake ciki yana da hanyar. Directory, Users, Bulk update users. Ka sauke fayil ɗin da suka tanada, ka cike suna da sunan mahaifi da imel da faswod da rukuni, ka ɗora, shi kenan. Da shi ɗin dai za ka iya canza wa mutane rukuni da yawa a lokaci ɗaya. Aikin makaranta ɗaya mai 'yan ɗaruruwan ɗalibai bai fi ƙarfinsa ba ko kaɗan.

Abin da ke bani tsoro da GAM shi ne baya tambayarka ko ka tabbata. Kamar reza yake a hannun wanzami, in hannu ya goce kafin ka ce wayyo an yanka. Ka rubuta delete a inda kake nufin update, ko ka nuna masa fayil ɗin malamai a maimakon na 'yan SS3, zai aiwatar ne kawai. Sannan fayilolin da yake ajiyewa a kwamfutar, musamman oauth2service.json, duk wanda ya kwafe shi a filasha ya samu hanyar shiga akwatin kowa har na Darakta. Laftof ɗin malamin kwamfuta kuma kowa ya san hannu nawa ke taɓa shi a rana.

Sadiq Kwangila:
Baba Idris gaskiya ne maganar makullin, na yarda. Amma CSV na shafin admin ɗin ma in ka ɗora fayil mara kyau ai ɓarnar ɗaya ce, na taɓa ganin inda aka cike layin faswod ga waɗanda suke da akawun tuni, aka wayi gari an canza wa makaranta guda faswod. Kuma akwai abin da shafin ba zai maka da yawa ba, kamar mayar da azuzuwan Classroom, da GAM layi biyu ne, ka ƙara sabon malamin a ajin sannan ka mayar masa. Ni dai ko yaushe fayil mai layi uku nake fara gwadawa da akawun na gwaji, in ya yi daidai sannan in saki babban.

Injiniya Bashir Samaru:
Ku duka kuna da gaskiya, lokaci ne ya bambanta. Malam Nura wannan makon ka bi hanyar Malam Idris ka sallami yaran nan su fara aiki. GAM kuma ka koye shi a nutse lokacin hutun tsakiyar zango, ka fara da umarnin print da info waɗanda basa canza komai, in hannunka ya faɗa sai ka matsa.

Amma akwai gyaran da zai rage maka aikin kowace shekara ko da wanne ka yi amfani. Rukunin da aka sa wa sunan aji shi ke sa dole ka kwashe kowa duk Satumba. Ka mayar da su shekarar gamawa. Yaron da ya shiga JSS1 a 2025 zai gama a 2031, to rukuninsa /Dalibai/2031 kuma a nan zai zauna har ya fita. In kana son dokar ƙananan aji ta bambanta da ta manya, misali ka rufe wa ƙanana YouTube ko ka hana su tura imel waje, sai ka yi manyan rukuni biyu, Karamar da Babbar, ka sa shekarun a ƙarƙashinsu. Shekara ta zagayo sai ka ɗauki rukuni guda ka mayar ƙarƙashin Babbar, ka ɗauki na masu fita ka mayar Tsofaffi. Wanda ya maimaita aji kaɗai za ka taɓa da hannu. Kuma ba sai ka buɗe sabbi ba, waɗanda kake da su yanzu ka canza musu suna kawai tun kafin ka zuba 'yan JSS1, ka ga ɗaga ajin ma ya faɗi.

Malam Nura T/Wada:
Kai Injiniya wannan ta canza suna ta warware min babban ƙulli. Allah ya ƙara basira.

Maman Hanif:
Ni ba gwana ba ce a harkar amma ni ke haɗa rijistar ɗalibai a makarantarmu a Sabon Gari, bari in faɗi abin da ke ba mu wahala. Sunaye. A aji ɗaya sai ka samu Aisha Abubakar uku, Muhammad Sani kuwa ba a magana, in ka ce imel zai zama suna da sunan mahaifi za ka sha karo. Mu lambar shiga makaranta muke sawa a imel ɗin, sunan kuma ya fito a wurin suna. Ga masu alama a tsakiya irin Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il, in alamar ta shiga imel yaro zai yi ta fama a wayar babarsa yana cewa baya shiga.

Sannan Excel yana cinye sifirin farko, lambar waya 080 sai ta koma 80, lambar shiga mai fara da 0 ma haka, sai ka mayar da layin ya zama Text kafin ka rubuta. In kuma kuna rubuta suna da ƙ da ɗ da ɓ to wajen ajiyewa ka zaɓi CSV UTF-8, in ba haka ba sunan yaro zai fito da alamar tambaya a tsakiya.

Faswod kuma dan Allah Malam kar a ba yara duka iri ɗaya, wallahi tun kafin a tashi wani zai shiga na wani ya canza masa. Google ba ya karɓar ƙasa da harafi 8. Mu kalma muke haɗawa da lambobi na RANDBETWEEN, amma ka kula, lambobin suna canzawa duk lokacin da ka taɓa takardar, sai ka kwafe ka liƙa su a matsayin values kaɗai kafin ka ɗora kuma kafin ka buga, in ba haka ba abin da ke hannun yaro daban abin da ke Google daban. Muna bugawa ne mu yayyanka ƙanana, malamin aji ya miƙa wa kowa nasa.

Barista Umar:
Ƙari a kan na Maman Hanif. Yaran nan 'yan ƙasa da 18 ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi a samu amincewar iyaye ko mai kula da yaro kafin a sarrafa bayanansa a inda ake dogaro da amincewa. Google ma suna neman makaranta ta samu izinin iyaye kafin ta buɗe wa yara ƙarin manhajoji irin su YouTube. Ku sa layi biyu a fom ɗin shiga makaranta iyaye su sa hannu. Fayil ɗin faswod kuma kar ya zaga a guruf ɗin malamai, in an gama rabawa a goge shi.

Kabiru PZ:
Mu a wurin aikinmu Microsoft 365 muke, to ba zan ce komai kan GAM ba, amma ga duk wanda ke karantawa yana wancan ɓangaren, labarin kusan ɗaya ne. PowerShell muke amfani da shi, akawun da aka goge kwana 30 ne a dawo da shi. Ku kula da tsofaffin sikirif da ke yawo a intanet masu Msol a cikin umarninsu, Microsoft sun yi ritayar MSOnline da AzureAD, yanzu Microsoft Graph ake yi. Malam Nura kai dai ka zauna inda kake, ba lokacin ƙaura ba ne.

Fatima ABU:
Malam ka tambayi Apps Script ba wanda ya amsa. Yana da daɗi in kana ɗan jin JavaScript, yaren da ake rubuta shi da shi, a burauza yake ba ka girka komai, kana iya haɗa shi da Sheets ɗin rijista ya dinga buɗe akawun da kansa ta AdminDirectory. Matsalarsa minti 6 yake yi ya tsaya a kowane gudu, in mutanen da yawa sai ka rarraba. Ni a ganina ba shi za ka fara da shi ba.

Amma abin da ya sa na yi magana, sikirif da aka sa wa lokaci yana tashi ne da sunan wanda ya saita shi. In wancan mai kula da ku ya bar wani yana aiki, misali mai haɗa sakamako ko mai tura wa iyaye saƙo, ranar da ka dakatar da akawun ɗinsa ranar zai tsaya kuma ba wanda zai sanar da kai. Tunda kana da shiga akawun ɗin, ka buɗe script.google.com ka duba My Triggers kafin ka rufe shi.

Malam Nura T/Wada:
'Yan uwa ga inda aka kwana. Na zauna da Darakta na nuna masa shafin Storage, ko kusa ba mu kai ba, na kuma ba shi labarin da Malama Hadiza ta bayar, ya ce a dakatar ɗin, gogewa sai bayan shekara in an tabbatar an kwashe komai. Na buɗe babban admin biyu, ambulan na ofis. Na canza wa rukunoni suna, na gwada fayil ɗin da yara uku ya yi, na ɗora sauran 'yan JSS1 yau da safe kuma sun shiga.

Fatima Allah ya miki albarka, na samu guda ɗaya a My Triggers, shi ke kwaso makin gwaji daga takardun malamai zuwa babbar takardar sakamako duk dare. Don haka akawun ɗinsa na canza faswod da lambar waya na bar shi a buɗe tukuna. Mun yi waya da shi jiya, ya ce GAM ɗin nasa ne in cire, ɗayan kuma na manhajar laburare ne. Na cire nasa.

Saura abu ɗaya, wasu yaran in sun je gida sun shiga a wayar iyayensu sai Google ya ce su tabbatar su ne, ya hana su.

Sadiq Kwangila:
Wannan ka buɗe yaron a shafin admin, Security, Login challenge, ka kashe, minti 10 yake ba shi ya shiga sai ya dawo da kansa. To sai kuna waya da uban a lokacin. Kuma ka ba wani malami ɗaya matsayin Help Desk Admin, zai iya canza wa yara faswod amma ba zai iya goge kowa ba, in ba haka ba layin masu "na manta faswod" a ƙofar lab ɗinka zai ƙare.

Injiniya Bashir Samaru:
Madalla. Sikirif ɗin nan ka buɗe akawun na musamman wanda ba na kowa ba, ka ba shi izinin takardun, ka sake saita lokacin daga can, ka bar shi ya kwana biyu ka ga makin na shigowa sannan ka kashe na tsohon.

Tambaya ɗaya da ban yi ba tun farko, domen ɗinku, wato sunan da ke bayan @ a imel ɗinku, a wurin wa aka yi rijistarsa kuma yaushe zai ƙare? Shekara-shekara ake sabunta shi, in ya mutu imel ɗin kowa zai daina shigowa ko da komai na Google lafiya yake.

Malam Nura T/Wada:
Na tambaye shi yanzu. .sch.ng ne, ya ce da Gmail ɗinsa ya yi rijistar kuma da katinsa yake biya makaranta ta mayar masa, a Nuwamba zai ƙare.

Injiniya Bashir Samaru:
To wannan ya riga GAM. Ku sa lokaci da shi cikin makon nan kuna waya, ya shiga wurin kamfanin da ya yi rijistar ya canza imel ɗin akawun ɗin da na mai domen zuwa na makaranta, amma ka sa wani imel na biyu da ba a kan domen ɗin yake ba, saboda in domen ya mutu saƙon gargaɗin ma ba zai iso ku ba. Ka karɓi shigar ka canza faswod, ma'aji ya biya tun yanzu kar a jira Nuwamba, in suna karɓar na shekara biyu ku biya. Kuma ka ɗauki hoton shafin DNS, wato inda saitin domen ɗin yake, yadda yake, musamman layukan MX da TXT masu haɗa imel ɗinku da Google, kar ka canza komai a ciki.